Zafin bazara da fari: yadda za a kai bisashe da gonaki ga damina lami lafiya

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, kudancin Nijar na shiga lokacin da ya fi kowane tsanani a shekara. A Yamai, Tawa, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, zafin rana na wuce digiri 40 kusan kullum cikin Afrilu da Mayu, wasu ranaku ya kai 45. A daidai wannan lokaci ne ciyawar daji ke ƙarewa, tabkuna su ƙafe, rijiyoyi su ja baya, rumbu ya yi ƙasa, dusa da harawa su yi tsada a kasuwa. Matsalar ba ta mutanen karkara kaɗai ba ce. Ma'aikacin da ya ɗaure raguna biyu a bayan ɗaki, da uwargidan da ke tattalin awakinta don aurar da ɗiya, da matashin da ya ci bashi ya zuba kaji, da ɗan kasuwar da ke da gona a bayan gari, duk dukiyarsu na cikin wannan hali.

Wani abu ya ƙara wa mutanen birni nauyi. Sallar Layya ta faɗo tsakiyar Yuni a 2024, farkon Yuni a 2025, kuma tana ja da baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. Ke nan na wasu shekaru masu zuwa, turkar raguna za ta riƙa faɗawa cikin tsakiyar bazara, lokacin da dabba ke rage ci, abinci kuma ke tsada.

Zafi daban, fari daban

Zafi da fari sukan zo tare, amma ba abu ɗaya ba ne. Fari ƙarancin ruwan sama ne: damina ta makara, ko ruwa ya ɗauke makonni a tsakiyarta, ko ya tsaya kafin hatsi ya nuna. Zafi kuwa na iya yin ɓarna ko a shekarar da aka samu ruwa sosai. Shekarar 2024 ta nuna haka. A farkon Afrilu an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, zafin da ya game yankin Sahel har da Nijar, sannan daminar wannan shekara ta zo da ambaliyar da ta rusa gidaje ta cinye gonaki a kusan dukan jihohin ƙasa.

Nijar ta daɗe da sanin fari. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Farin 1973 da na 1984, wanda ake yi wa laƙabi da El-Buhari, sun ƙarar da garkunan da aka shekara ana tarawa. An sake shan wuya a 2005 da 2010. Abin da ya sake a yanzu shi ne yawan jama'a da bisashe ya ƙaru, gonaki sun cinye filayen kiwo da dama, ma'aunin zafi kuma na hawa sannu a hankali saboda canjin yanayi. Dabarun da suka isa a da suna buƙatar ƙari.

Abin da zafi ke yi wa jikin dabba

Zafin jikin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Bayan zafin rana, tana da wata wuta a cikinta: tumbin dabba mai tuƙa kamar tukunya ne da ciyawa ke ruɓa a ciki, kuma wannan narkewa na fitar da zafi na tsawon sa'o'i bayan cin abinci. Idan iskar waje ta fi jikinta zafi, ba ta da hanyar sanyaya kanta sai gumi da haki. Don ta rage wutar ciki sai ta rage ci. Daga nan nono ke raguwa, ƙiba ta tsaya, mace ta ƙi ɗaukar ciki ko ta yi ɓari, ƙarfin namiji wajen barbara ya ragu na makonni.

Ranakun da suka fi haɗari su ne na ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da iskar damina mai laima ta iso amma ruwa bai sauka ba. Gumi ba ya bushewa a irin wannan iska, dare kuma ba ya yin sanyin da dabba za ta huce.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Saniya a kwance cikin natsuwa ba ta wuce numfashi 30 a minti. In ya haura 60, zafi ya fara cin ta. In ta buɗe baki tana haki, harshe a waje, miyau na dalala, tana tangaɗi, to rai na cikin haɗari. A kai ta inuwa inda iska ke bi, a riƙa zuba mata ruwa a wuya, baya da ƙafafu, a ba ta ruwan sha kaɗan-kaɗan, a kira malamin dabbobi. Ba a ɗura wa dabbar da ta faɗi ruwa da ƙarfi, domin yana iya bin hanyar huhu.

Irin dabba ma na da tasiri. Shanun Azawak, waɗanda ake tace irinsu a tashar Tukunus da ke yankin Filinge, da jajayen shanun Bororo, da tumakin Uda da Balami, da jar akuyar Maraɗi, duk sun saba da wannan ƙasa. Shanun da aka haɗa da irin Turai sun fi ba da nono, amma iyayensu sun fito ne daga inda digiri 25 ma zafi ne. Wanda ya saye su ya san ya ɗauki nauyin inuwa, ruwa da abinci na musamman.

Ruwa da inuwa kafin komi

Babbar saniya na shan lita 30 zuwa 40 a rana cikin bazara, mai shayarwa ta fi haka, tunda kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Tunkiya ko akuya na buƙatar lita 4 zuwa 5. Gidan da ke da shanun huɗa 2 da ƙananan bisashe 10 na buƙatar kusan lita 130 kullum, wato jarka 5 masu lita 25 da ɗoriya. Dabbar da ba ta ƙoshi da ruwa ba ba ta cin busasshiyar ciyawa, don haka kuɗin da aka kashe kan abinci ba tare da isasshen ruwa ba asara ne.

A gidajen birni kuskuren da aka fi yi shi ne barin ruwa cikin kwanon ƙarfe a rana. Kafin azahar ya zama kamar an ɗora shi a wuta, dabba ta sunsuna ta bari. A ajiye mazubin a inuwa, a sake ruwa safe da yamma, a wanke kasko kullum. Randa ko tulun ƙasa sun fi roba riƙe sanyi.

Rumfar kwano mai gajeren tsawo, wadda aka kewaye da katanga ta kowane gefe, tanda ce. Idan kwano ne ya samu, a ɗaga shi sama, a shimfiɗa zana ko karan hatsi a bisansa, a bar gefe biyu a buɗe. Rumfar kara da inuwar icce sun fi kwano nesa ba kusa ba. A kuma lura da inda aka kafa turke: inuwar safe ba ita ce ta azahar ba, kuma ragon da aka ɗaure da gajeriyar igiya ba ya iya bin ta.

Aiki da tafiya a mai da su lokacin sanyi. Shanun amalanke da jakuna su fita da asuba, su huta daga hantsi zuwa la'asar. Masu ɗaukar raguna a mota daga kasuwannin Abalak, Dakoro ko Tanut zuwa Yamai su rage cunkoso, su shayar kafin lodi, kada su tsaya da mota a rana. Abinci mai nauyi a ba da shi da yamma da sassafe, don zafin narkewarsa ya faɗo cikin dare.

Lissafin abinci

Masana kiwo na da ma'auni mai sauƙi: dabba mai tuƙa na cin busasshen abinci kimanin kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta a rana. Sa mai kilo 250 na buƙatar kilo 6 da ƴan kai, tunkiya ko akuya kusan kilo 1. Gidan nan mai shanu 2 da ƙananan bisashe 10 zai ci kusan kilo 22 a rana. Daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuli, kwana 120 ke nan, abin ya kai kusan kilo 2,700. Wanda ya yi wannan lissafi tun kaka ya san ko zai iya riƙe dabbobinsa duka ko sai ya rage. Wanda bai yi ba sai Mayu ta nuna masa.

Yawa kaɗai ba ya isa. Karan hatsi da busasshiyar ƙarangiya na cika ciki, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ake ganin dabba na ci tana ramewa. Harawar wake da ta gujiya, ɗiyan gawo, ɗiyan kalgo da aka daka, dusa, tunkuza da angurya su ne ke cike giɓin. Ko rabin kilo a rana ga babbar dabba na taimaka wa tumbi ya narkar da kara. Idan abincin bai isa kowa ba, a fara da masu ciki, masu shayarwa da shanun da za su yi huɗa. Gishiri da kanwa kada su yanke.

Yadda aka adana abincin ma na da muhimmanci. Harawar da aka yanka da sauran korenta, aka shanya a inuwa, aka sa a ɗaki ko aka lulluɓe, ta fi wadda ta yi watanni a kan rumfa rana na dukanta. Rashin koren ganye na tsawon lokaci na jawo wa bisashe dundumi. Sara kara ƙanana-ƙanana ko niƙa shi a inji na rage abin da ake tattakewa a zubar. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta yaɗa dabarar haɗa niƙaƙƙen kara da dusa, harawa da gishiri a matse su su zama dunƙule mai sauƙin ajiya.

Akwai kuma gyaran ciyawa da takin ure. Ana narkar da kilo 5 na ure cikin lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara ko busasshiyar ciyawa, a danna cikin rami ko rumbu, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba har mako 2 zuwa 3. Bayan an buɗe, a bar ta ta sha iska kafin a ba da ita, a kuma fara da kaɗan. Dabarar na ƙara wa ciyawa amfani, amma ure guba ne idan aka yi ganganci. Ba a ba jakuna da dawaki, ba a ba ƙananan da ba su fara tuƙa ba, ba a barin dabba ta lashi takin ko ta sha ruwansa. Gara a koya a hannun malamin kiwo kafin a gwada.

Yunwa na sa dabba ta ci abin da zai kashe ta. A gari, leda ce babbar annoba: tana taruwa a tumbi, akuya ta riƙa ramewa ba a san dalili ba sai mahauci ya feɗe. A gona kuwa, gyauron dawa da ƙaramar dawar da fari ya ƙona na ɗauke da guba mai kisa cikin ƙanƙanen lokaci. Ruwan farko ma na da nasa haɗari: ramammiyar dabbar da ruwa da iska suka doka cikin dare na iya kwanciya ba ta tashi ba, sabuwar ciyawa kuma na kawo zawo da kumburin ciki. Kada a yanke ba da busasshen abinci ranar da ƙasa ta yi kore. A ci gaba na mako biyu. Allurar rigakafin da ma'aikatar kiwo ke yi kowace shekara da maganin tsutsar ciki na rage mace-mace, domin jikin da yunwa ta ci ba ya jure cuta.

Kaji sun fi kowa saurin faɗuwa

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, kuma ta fi sakewa tsakanin 18 da 24. Da zarar an wuce 30 sai ta rage ci, ta buɗe fukafukai, ta shiga haki. Hakin na canza jininta ta yadda ɓawon ƙwai ke yin laushi, ƙwan ya ƙanƙance, yawansa ya ragu. Manyan kajin gidan gona masu nama, waɗanda suka kusa isa sayarwa, su ne ke mutuwa da yawa, galibi tsakanin azahar da la'asar.

Masu wannan sana'a a kewayen Yamai da Maraɗi sun san matakan: a rage yawan kaji a ɗaki, a gina ɗakin tsawonsa daga gabas zuwa yamma da raga a gefuna, a shafa wa kwano farar ƙasa ko a lulluɓe shi da zana, a ƙara mazuban ruwa, a rufe tankin ruwa daga rana. A janye abinci da hantsi a mai da shi da yamma. Kada a kama kaji, ko a yi musu allura, ko a ɗauke su da tsakar rana. Wanda ba ya da tabbacin ruwa da lantarki, ya tsara zubinsa yadda manyan kaji ba za su faɗo cikin Afrilu da Mayu ba.

Sayarwa da wuri da tafiya da wuri

Shawarar da ta fi ɗaci ga makiyayi ita ce ya rage garke. Sai dai kasuwa na da halinta: da kaka dabba na da ƙiba hatsi na da araha, da bazara dabba ta rame hatsi ya yi tsada. Wanda ya sayar da tsofaffi da rarar maza a Nuwamba ko Disamba ya sayi hatsi da dusa, ya ceci matan da za su haifa masa baɗi. A 2010 da dama sun jira har shanu suka kasa tashi, aka saye su da kuɗin da ba su kai na akuya ba; gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka riƙa sayen ramammun dabbobi ana yankawa ana raba nama.

Ga manyan garkuna, tafiya ita ce magani tun kaka da kakanni. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyaya. Amma doka ba ta aiki idan an nome burtali, ko an kewaye mashaya, ko ƴan kasuwa sun kwashe ciyawar daji da motoci. Rashin tsaro a arewa maso yammacin Najeriya da hana shigar garkunan waje da Benin ta yi a ƙarshen 2019 sun rage hanyoyin kudu. Wannan ya sa kare abin da ke cikin gida ya zama dole: share hanyoyin tare gobarar daji tun ƙarshen damina, yaƙi da garmani da ke mamaye makiyaya, da mutunta ranar sakin gonaki da hukumomi ke tsaidawa. Bayan asara kuwa, al'adar Fulani ta habbanaye, inda ake ba mutum aron mace ta haifa masa kafin ya mayar, ta tayar da gidaje da yawa.

A gona: riƙe kowane ɗigon ruwa

Milimita 20 na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 200,000 ne. A kan fako mafi yawansa na gudu ya bar gona. Tambayar manomi ita ce nawa ƙasarsa ta sha.

Haɗarin farko na zuwa ne da shibka. Rairayin jigawa na iya wuce digiri 50 da rana a watan Yuni, ya ƙone tsiron da bai yi saiwa ba, iskar hadari kuma ta binne shi da yashi. Masana yanayi na ɗaukar damina ta kama ne idan aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3, ba tare da ruwa ya ɗauke fiye da mako guda a cikin watan da ke biye ba. Binne da shibka kan yayyafin farko caca ce da wani lokaci ake ci; mai yin ta ya ajiye irin da zai sake shibkawa.

Haɗari na biyu shi ne lokacin fure. Hatsi na jure ƙishi yana ƙarami, amma in ruwa ya ɗauke yana bunni, zangarniya ba ta cika. Wake na zubar da fure idan dare ya yi zafi. A nan ne iri mai saurin nuna ke da rana. Hatsin HKP na isa cikin kwana 80 zuwa 90, Chakti da INRAN da ICRISAT suka fitar a 2018 kuma cikin kusan kwana 70. Wannan ba dalili ba ne na yar da Zango, Gergera ko Ankutes, waɗanda suka dace da ƙasarsu kuma suke ba da kara mai yawa. Raba gona tsakanin mai sauri da na gargajiya, da haɗa hatsi da wake, na hana a yi asarar komi lokaci ɗaya. Cira da wuri zuwa tsiro 3 a rami da noman firi a kan lokaci na hana ciyawa shanye damshi.

Gonar da ba ta da taki ta fi jin fari, domin saiwa ba ta nisa. Dabarar taki kaɗan a rami, giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK, abin da bai wuce cikin marfin kwalba ba, na sa tsiro ya yi saiwa da sauri. A sa shi cikin damshi kuma kada ya taɓa ƙwayar iri, in ba haka ba yana ƙone ta.

A kan fako, tassa ta tabbatar da kanta. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, ana tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba takin gida cikin hannu ɗaya ko biyu tun rani. Gara na bin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Hekta na ɗaukar rami kusan 10,000. Manoman Illela sun ga yadda aka inganta ta a yankin Yatenga na Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, inda Yacouba Sawadogo ya yi suna, suka dawo suka raya fakon da aka yafe har ya zama abin saye da sayarwa. Rabin wata, mai faɗin mita 4, kusan 313 a hekta, da jeren duwatsu da ke tare gudun ruwa, su ma aikinsu ke nan. Aikin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya nuna cewa tuddan Adar na iya sake yin kore. Sai dai aiki ne mai nauyi, ba ya dacewa da rairayi mai zurfi, kuma in ba a gyara shi duk shekara yana cikewa.

Barin kara a gona na rage zafin ƙasa, ya tare yashi, ya riƙe damshi. Amma karan nan shi ne abincin dabba, makamashi da danni, shi ya sa ake kwashe shi tas. Mafita ita ce a bar wani kaso a wuraren da iska ta fi ci, a kuma mayar wa gona da takin dabbobin da suka ci sauran.

Icce ne ke haɗa gona da garke

Gawo na kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani kuma ya yi ganye ya ba da inuwa, ya zubo ɗiya daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbobin da ke hutawa ƙarƙashinsa na barin taki, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili. Sarakunan Damagaram na da sun hana sare shi da hukunci mai tsanani, kuma har yau Matamai, Magariya da Mirya na cin moriyarsa.

Sassaben zamani, wato barin tohon kututture biyu ko uku a gyara su maimakon a sare a ƙone, ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi daga 1983 ta hannun manoma da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an raya kusan hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 ta wannan hanya a Nijar. Ba ya buƙatar sayen dashe ko ban ruwa: sabara, kalgo, aduwa da magarya na nan da saiwarsu a ƙasa. A kwarin Majiya da ke yankin Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun rage wa gonaki dukan iska.

Masu garka a Gulbin Maraɗi, Korama da fadamun Tawa su yi ban ruwa da sassafe ko yamma, su rufe gindin shibka da ciyawa, su kewaye garka da zogale ko shingen kara. Tumatir na zubar da fure idan zafi ya wuce digiri 35, don haka dashen da ya makara asara ne. Albasa kuwa rudu mai iska a inuwa ke hana ta ruɓa. Shi ma mai aikin mutum ne: ya sha ruwa kafin ƙishi ya kama shi, ya bar gona da tsakar rana, ya kula da yara masu kiwo da tsofaffi.

Shiri tun kaka

Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 da ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa na fitar da hasashen damina kafin shibka, gidajen rediyon karkara kuma na watsa shi da Hausa. Hasashe ba alkawari ba ne, amma yana taimaka wa manomi ya zaɓi iri da lokaci. Ma'aikatar kiwo ma na auna ciyawar da aka samu bayan kowace damina ta bayyana inda aka yi giɓi. Wanda ya ji an ce yankinsa ya gaza, ya fara shiri daga ranar.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, ƙungiya na iya shi: bankin cimaka, bankin abincin dabbobi, sayen dusa a dunƙule tun tana araha, da tsarin warantaj, inda ake ajiye amfanin gona a sito a karɓi bashi a kansa maimakon a karyar da shi da kaka. Hatsi da abincin bisashe masu rahusa da gwamnati ke fitarwa na rage raɗaɗi, amma ba su isar kowa, kuma sau da yawa sai bazara ta yi nisa suke isowa.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Harawar da za ta ceci tunkiya a Mayu a Oktoba ake yanka ta, ramin tassar da zai riƙe ruwan Yuli a Maris ake haƙa shi, kuma gawon da zai yi wa garke inuwa nan da shekara goma, a sassaben bana ake barinsa.